Tambaya da Amsa: Malamin girafik dizain da ɗalibar da ba ta gani sosai

Tambaya: Salam Injiniya. Ina koyar da girafik dizain a wata ƙaramar makarantar kwamfuta a Zariya, CorelDraw da Canva, masu waya kuma PixelLab. Akwai wata ɗalibata mai raunin ido, kullum ƙorafinta fastocin da ƴan ajin suke yi ba sa karantuwa, ni kuma gani nake sun yi kyau. Me zan gyara a koyarwata? Kuma wai akwai wanda ya riƙi wannan ɓangaren a matsayin sana'a?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Gaskiya ɗalibar nan ta fi ka gaskiya, kuma ba laifinka ba ne kai kaɗai, haka muka taso muna ganin kalandar biki da fastar wa'azi, rubutu ruwan gwal a kan hoto mai ɗaukar ido, ga inuwa ga walƙiya ga salon harafi kala biyar a shafi ɗaya, sai mutum ya matse ido kafin ya gano ranar ɗaurin auren.

Abin da zan so ka fara cusa musu shi ne bambancin haske tsakanin rubutu da bangon da ke bayansa, don wannan ba maganar ra'ayi ba ce, aunawa ake yi. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet tana da kundin da ake kira WCAG, na 2.0 ya fito a 2008, na 2.2 a 2023. A ciki an ce wannan bambancin haske a rubutu na yau da kullum ya kai 4.5 zuwa 1, manyan haruffa kuma 3 zuwa 1. Baƙi wuluk a kan fari fat shi ne ƙarshe, 21 zuwa 1. Rawaya a kan fari kuwa ko 2 bai kai ba, amma duba yadda yaranmu ke son shi! Akwai ma'aunin shafin intanet na WebAIM kyauta, ka sa lambar kala biyun ya faɗa maka ka ci ko ka faɗi. Ka mayar da shi doka a aji, duk wanda bai auna ba kar ma ya kawo maka aiki.

Sai maganar ja da kore. Akwai masu makantar launi, galibi maza ne, da yawansu ma ba su san suna da ita ba, don haka kar a ce kore na nufin "akwai kaya" ja na nufin "ya ƙare" a bar shi haka, a rubuta da kalma. A Android cikin Developer options akwai Simulate color space, ku kunna Monochromacy komai ya koma baƙi da fari, ku buɗe fastar, daga nan ku fita da wayar tsakar rana ku sake dubawa. Anan ne za ka ji ajin ya yi tsit.

Wani abu da ya shafe mu mu Hausawa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Salon harafi da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ko harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Andika na ƙungiyar SIL da Noto Sans na Google suna da su. Akwai kuma Atkinson Hyperlegible da cibiyar makafi ta Braille Institute ta fitar a 2019 don masu raunin gani, an yi shi yadda 1 da l da I ba za su rikice ba, amma ka fara buga "ƙwaƙwalwa" ka gani kafin ka ɗora aikin Hausa a kai.

Batun sana'a kuwa, eh akwai. Ka nemi labarin Ellen Lupton a Amurka, ta daɗe tana koyar da dizain a kwalejin MICA da ke Baltimore, kuma ta yi shekaru tana shirya baje koli a gidan tarihin zane na Cooper Hewitt a New York, a 2018 suka yi wani baje koli sukutum kan zanen da ake taɓawa, ake ji, ake shinshina, ba sai da ido ba. Sannan dokar Tarayyar Turai kan sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da kayan fasaha ta fara aiki a Yunin 2025, ta tilasta wa bankuna da shagunan intanet su gyara manhajojinsu, to ka ga ɗalibinka mai neman aikin nesa idan ya iya wannan ya sha gaban wanda Canva kawai ya sani. Mu ma muna da dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, aiwatarwa ce dai sai a hankali.

Tambaya daga wata ƴar'uwa: Yayana makaho ne, da TalkBack, manhajar da ke karanta masa waya da murya, yake amfani. In na tura masa katin gayyata ba ya jin komai, wayar ce ta lalace?

Amsa: Wayar ƙalau take ƴar'uwa. Katin hoto ne, shi kuma TalkBack rubutu yake karantawa, sababbin wayoyi suna ƙoƙarin bayyana hoto amma kar ki dogara da su, balle da Hausa. Ki rubuta rana da lokaci da wuri a ƙarƙashin hoton, ko ki bi shi da saƙon murya, a Facebook da Instagram kuma akwai wajen Alt text, inda ake rubuta bayanin hoto don makafi, in za ki ɗora hoto. Don Allah ki guji wannan rubutun ado mai lanƙwasa da ake kwafowa daga manhaja, a wajen wayar alamomin lissafi ne, ko ta tsallake su ko ta dinga jero masa sunayensu ɗaya bayan ɗaya. In yana taɓa kwamfuta ki saukar masa NVDA, manhajar da ke karanta rubutun kwamfuta da murya, kyauta ce, wasu makafi biyu ƴan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka ƙirƙire ta.