Idan iska cike take da naitirojin, me ya sa muke sayen taki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a Daura. Yarona da ke sakandare ya ce mini mafi yawan iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wai kuma ita ce sinadarin da ke cikin buhun yuriya. In haka ne, me ya hana gero ya ɗauka da kansa mu huta da tsadar taki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaron ya faɗi daidai, Allah ya ƙara masa basira. In aka kasa busasshiyar iska kashi 100, kashi 78 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, wata iska mai suna agon kuma ba ta cika kashi 1 ba.

Matsalar ita ce ƙwayoyin naitirojin na iska biyu-biyu suke, a ɗaure tamau, kuma gero da dawa ba su iya kwance wannan ɗaurin. Mu ma yadda muka shaƙe ta haka take fita. Sai an fasa ta, ta haɗu da wani sinadarin, sannan saiwa ke iya sha. Walƙiya na fasa kaɗan, ruwan sama ya sauko da ita. Masana'antar taki kuma tana bin hanyar da Fritz Haber ya gano a Jamus a 1909, wadda ke cin zafi mai tsanani da iskar gas mai yawa. Wannan aikin kake biya: buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da naitirojin kilo 23.

Amma akwai masu yi maka aikin kyauta a gonarka. Tuge gindin wake ko gyaɗa lokacin fure, za ka ga ƙananan ƙulalai manne da saiwa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna jawo naitirojin daga iska. Gawo ma dangin wake da gyaɗa ne, ga shi yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana. Shi ya sa geron ƙarƙashinsa ke fin na gefe, kuma nakan ji takaici sosai in na ga an sare shi don itacen girki. Haɗa gero da wake ba zai raba ka da taki gaba ɗaya ba, musamman in kana kwashe harawa, amma zai rage maka.

Oksijin dai an san ta: numfashi da wuta. Ita maƙeri ke tura wa gawayi da zugazugi. Naitirojin ce ke surka ta, da ba haka ba gobara ba za ta kasu da sauƙi ba.

Wadda aka fi rainawa ita ce kabon-dayoksaid, wadda numfashi da ƙona abu ke fitarwa, kusan kashi 0.04 kacal na iska. Da ita da ruwa ganye ke gina kara da zangarniya a hasken rana. Tana kuma riƙe zafin ƙasa. Kafin zamanin masana'antu ta kai wajen 280 cikin miliyan, yau ta haura 420 saboda ƙona kwal da mai da sare dazuzzuka, kuma ita ce kan gaba wajen ɗumamar yanayi.

Tururin ruwa ma yana riƙe zafi. Da hunturu iska ta bushe, zafin yini sai ya tsere sama da dare, asuba ta yi sanyin da muka sani a Katsina da Daura.