Amsoshin Tambayoyinku: Zamna Ko Zauna?

*Malam, mene ne "bunu" a cikin "magana zarar bunu ce"?*

Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce. In ka zare tsinke ɗaya daga rufin ɗaki, ba ya komawa inda ya fito.

*Malam, ni ɗan Tawa ne, ina karatu a Kano. In na ce "zamna" ko "hwari" sai abokaina su yi ta dariya, wai Hausata ta gurɓata. Haka ne?*

Ɗana, kwantar da hankalinka. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Abokanka su sani cewa "zamna" ta girmi "zauna", "sabka" ta girmi "sauka", haka kuma "amre" ta girmi "aure". Bakin Kano ne ya sassauta baƙin da ke ƙarshen gaɓa ya mai da shi wasali, Sakkwato da Gobir da Adar suka riƙe tsohon lafazi. Wanda ya yi wa "amre" dariya, bakin kakanninsa ya yi wa.

To me ya ɗaga Kananci? Rubutu ne da kasuwa. Da aka tashi daidaita rubutun boko, aka jingina ga bakin Kano, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta shiga gidaje da shi, rediyo ya ɗora. Daidaitacciyar Hausa tana da amfani ƙwarai, ni ma da ita nake rubuta muku. Amma yarjejeniya ce ta alƙalami, ba ta mai da sauran kare-karen harshen kuskure ba.

Ban manta wata dattijuwa a tashar Birnin Ƙonni ba. Ta matsa kullin kayanta ta ce mini, "Zamna nan, ɗiyana." Wani saurayi da muka taho tare ya toshe baki yana dariya, alhali tun daga Illela rabin zancensa Turanci ne. Abin ya sosa mini rai har yau. Haka in ɗan Nijar ya ce "lakwal" (makaranta) ko "lokotoro" (likita), aro ya yi daga Faransanci, kamar yadda muka ari "asibiti" da "tebur" daga Ingilishi. Kowa da maƙwabcin da ya ara masa.

Ka koyi rubuta daidaitacciya don jarrabawa. Bakin gidanku kuwa, ka riƙe abinka.

*Malam, me ya sa ake kiran unguwanninmu na Kumasi da Akara "Zongo"?*

Zango ce, 'yata, bakin can ne ya juya ta. Wuri ne da ayari ke sauke kaya a kwana, shi ya sa muke cewa an "yada zango". Fataken goro da madugai ke ja zuwa Salaga a ƙasar Gwanja su suka kai ta. Wasu suka yada zangon da ba su sake ɗaurawa ba, suka yi aure, suka gina masallaci, wurin ya zama unguwa. Ta gabas ma haka: hanyar Makka ta ajiye mutanenmu da yawa a Cadi da Sudan, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Kalmar "zango" tana nufin tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki ma, daga nan 'yan makaranta suka samo "zangon karatu".