Maganin Indiya mai araha: satar fasaha ce ko halas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da magani a Kano. Sau da yawa magani iri ɗaya ne, amma na kamfanin Turai ya ninka na Indiya kuɗi. Wani mai sayayya a wurina ya ce na Indiyar satar fasaha ce, kuma dokar cinikin duniya ta haramta shi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dokar da yake nufi akwai ta, sai dai ba ta faɗi abin da ya ɗora mata ba. Ana kiranta yarjejeniyar TRIPS, tana cikin yarjejeniyoyin da aka rattaba wa hannu a Marrakesh ta Maroko a 1994, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995 tare da Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO. Duk ƙasar da ta shiga ƙungiyar ta amince za ta kare haƙƙin wanda ya ƙirƙiro abu, magani ne ko inji, na tsawon shekara 20 aƙalla daga ranar da ya nemi rajista. Kafin nan akwai yarjejeniyar Paris ta 1883 da ta Berne ta 1886, amma ba su da bulala. Sabon abin da TRIPS ta kawo shi ne ana iya kai ƙarar ƙasa, a kuma hukunta ta ta hanyar ciniki.

Abu biyu mutane ke mantawa. Haƙƙin yana da wa'adi, kuma yana da iyakar ƙasa. Da shekara 20 ta cika, kowane kamfani na iya haɗa maganin ya sa masa sunansa. Fanadol da amoksisilin da galibin abin da ke kan kantarka sun daɗe da fita daga wannan kariya. Sannan rajistar da aka yi a Amurka ba ta aiki a Najeriya sai an yi wata a nan. Babu wata rajista guda da ta rufe duniya baki ɗaya.

Indiya kuwa da dabara ta kai inda take. Dokarta ta 1970 ta kare hanyar haɗa magani ne kawai, ban da maganin kansa, don haka kamfanoninta suka ƙware wajen nemo wata hanyar da za ta kai su ga sinadari ɗaya. TRIPS ta tilasta mata sauya dokar a 2005, amma Indiya ta sa wani sharaɗi a sabuwar dokar: ba a sabunta kariya don kawai an ɗan canza siffar tsohon magani. A kan haka kamfanin Novartis ya sha kaye a Kotun Ƙolin Indiya a 2013, a shari'ar maganin sankarar jini Glivec.

Inda aka yi gumurzu na gaske shi ne maganin ƙanjamau. A ƙarshen shekarun 1990 kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Da Afirka ta Kudu ta yi dokar shigo da mai araha, kamfanoni 39 suka maka gwamnatinta a kotu. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. Duniya ta yi ca, kamfanonin suka janye ƙarar a Afrilun 2001. A Nuwamban shekarar, a taron Doha, ƙasashen WTO suka tabbatar cewa kowace gwamnati na da ikon ba da lasisin dole, ta bar wani ya haɗa magani ko mai haƙƙin bai so ba, muddin za a biya shi wani abu. Brazil ta yi hakan a 2007, Thailand ma ta yi.

A ganina wannan ƙofa ta fi kyau a takarda. Lasisin dole yana amfanar mai masana'anta ne. Wanda ba shi da ita sai ya nemi wata ƙasa ta haɗa masa. An buɗe wannan hanya a 2003, amma takardunta sun yi yawa har Ruwanda kaɗai ta bi ta zuwa ƙarshe, ta sayo daga wani kamfanin Kanada. Ga kuma tsoron fushin manyan ƙasashe. Ko a lokacin korona, Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a jingine dokar tun Oktoban 2020, sai Yunin 2022 aka amince, kuma a kan rigakafi kawai. Ƙasashe mafiya talauci, irin su Nijar da Chadi, an ɗage musu wajibcin kare haƙƙin magunguna har zuwa 2033. Najeriya ba ta cikin wannan rukuni.

Sababbin magunguna masu araha da kake gani, da yawansu da izinin mai su aka haɗa su. Kamfanin Gilead ya sayar da maganin ciwon hanta sofosbuvir a kan dala 84,000 ga majinyaci ɗaya a Amurka, amma a 2014 ya ba kamfanonin Indiya lasisin haɗa shi don ƙasashe matalauta.

Jabu kuma wani abu ne daban. Shi ne wanda aka kwaikwayi suna da tambari da kwalin wani kamfani don a yaudari mai saye, kuma a nan TRIPS ta wajabta wa ƙasashe su ɗauke shi a matsayin laifin da ake ɗauri ko tara a kai. Abin da za ka duba a shagonka shi ne lambar NAFDAC, da sunan kamfanin da ya haɗa, da dilan da ka saro a hannunsa. Lambar NAFDAC shaida ce ta inganci da izinin sayarwa, ba ta da alaƙa da rajistar haƙƙin ƙirƙira.