Ƙanwata, kada ki tura masa littafin sai kin ga kafin alƙalami

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai tambaya, tun bayan la'asar na ga saƙonki, na kasa wuce shi. Kin ce wani mai tashar YouTube ya nemi littafinki zai riƙa karantawa da murya, in tashar ta fara kawo kuɗi zai ba ki kasonki, kina tambaya ko ki tura masa. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, domin maganar da aka yi mini ke nan, har da "ai duk 'yan'uwan juna ne".

Nawa littafin wata 7 na yi ina buga shi a waya, a ɗakina a Tudun Wada. Sai yara sun yi barci nake farawa. In babu wuta, tun da rana nake aika wayar shagon caji na bakin layi don kada ta mutu mini a tsakiyar shafi. Mai tashar da ya nemi nawa littafin ya zo da ladabi, Hajiya sama Hajiya ƙasa, yana kawo mini maganganun jarumata da ka. Na ji nauyin yi masa zancen kuɗi. A dare ɗaya na tattara shafi 84 na tura masa.

Bayan wata huɗu na shiga Kasuwar Barci karɓar ɗinkin sallar yara. Ina zaune a benci, tela yana ƙarasa sa maɓalli, ya jingina wayarsa da keken ɗinki, murya tana tashi. Sai na ji an zo wurin da uwa take ɓoye takardar asibiti a ƙarƙashin kwanon samira don kada 'yarta ta gani. Ƙanwata, wannan wurin a bakin gadon mahaifiyata na rubuta shi, tana jinya, ina riƙe da hannunta da hagu ina bugawa da dama. Na miƙe na leƙa wayar. An canja wa littafin suna, nawa sunan kuwa babu shi ko'ina. Na tambayi telan wa ya rubuta labarin nan, ya ce, "Ai mai tashar ne, Hajiya, gwani ne." Yaran shagon har gardama suke kan wanda jarumar za ta aura, ni da na san amsar ina tsaye kamar an dasa ni. Ko canjina ban karɓa ba. A Keke Napep har gida ina share hawaye da bakin hijabi.

Da na kira shi, ko kunya babu ya ce shi ya fito da labarin, wa ya san ni kafin shi? Na ce to a mayar da sunana, ko sisi ba na so. Ya ce zai duba. Washegari ya toshe lambata. Mutumin da ya riƙa gaishe ni safe da yamma! Abin da ya ƙara ƙona mini rai, matan da suke biyan ₦500 su shiga zaurena na waya, inda nake sakin littafin, suka fara janyewa, tunda ga shi can kyauta. Wata ma ta tambaye ni ko ni ce na kwafa daga wurinsa. Wannan tambayar har yau ba ta bar ƙirjina ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Don haka ina roƙonki, ki nemi kafin alƙalami, ko kaɗan ne, ki ga alat da idonki. Mai niyyar biya ba ya jin haushin wannan maganar. Ki tambaye shi masu bibiyar tasharsa nawa ne, domin YouTube ba ta fara ba mutum kuɗin talla sai ya tara masu bibiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12. In bai kai ba, da guminki zai kai. Ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, ku sa hannu, da shaida daga gidanku: nawa zai biya, yaushe, shekara nawa zai riƙe labarin, kuma dole ya ambaci sunanki da baki a farkon kowane karatu, ya rubuta shi a take. Aro kika ba shi, ba sayarwa ba, a rubuta haka ƙarara. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana tare da ke: da zarar kin rubuta abu ya zama naki ba sai kin yi rajista ba, kuma ba a mallaka wa wani shi sai a rubuce. Ni ban san wannan ba sai da aka cuce ni.

Kuma kada ki tura duka. Shafi biyar, ya biya, ki ƙara biyar.

Yanzu-yanzu, kafin ki kwanta, ki tura wa kanki littafin ta imel don kwanan wata ya zauna a kai, ki ɗauki hoton duk hirarku. Da irin wannan shaidar ƙanena ya taimake ni muka cike fom ɗin ƙorafi na YouTube, aka sauke karatun. Kuɗi dai ban samu ba. Ajiye kwafi yana da wani amfanin ma: OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da muka saba da ita, ta rufe a 2023, kin ga manhaja ba rumbu ba ce.

Na san abin da yake jan ki, son a ji labarinki ne. Ni ma shi ya ja ni. Amma akwai ƙofofin da za ki shiga da sunanki a goshi. Gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ake yin ta. Ki nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na nan Kaduna, in kin ji an shirya taron littattafai ki daure ki je, ki ga manyanmu ido da ido. Sannan don Allah ki daina bari masu karatu suna tuƙa ki da "Anti yau babu sabon shafi?" Wannan gaggawar ce take sa mu saki rubutu ɗanye, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki, jaruma ta canja suna a tsakiyar labari. Ki bar shafi ya kwana, da safe ki karanta shi a bayyane, kunnenki zai kamo abin da idonki ya tsallake. Bayan abin da ya same ni sai da na shekara ban rubuta ko layi ɗaya ba, in na ɗauki waya sai muryar mutumin nan ta dawo mini. Ba na so ki rasa shekara irin tawa.

Ki turo mini abin da ya rubuto miki ta akwatin sirri, mu duba tare kafin ki ba shi amsa. Ina nan ban yi barci ba.