Sun gyara mini bamba, to wuyana fa?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Makonni uku da suka wuce ina tsaye cikin cunkoso kusa da gadar Kawo a Kaduna, motar wani kamfani ta daki tawa ta baya. Ban ga jini ba, da ƙafata na fito. Jama'a suka taru suna ba da haƙuri, manajansu ya biya kuɗin gyaran but da bamba a Panteka, ya rubuta takarda na sa hannu. Bayan kwana biyu wuyana ya riƙe. Yanzu yatsun hannuna na dama suna mutuwa, ba na iya zama kan keken ɗinki. Yayana ya ce tunda na karɓi gyara, magana ta mutu. Haka ne? (Wani tela daga Tudun Wada)

Amsa: Malam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ka nemi lauya nemi likitan ƙashi, yau ba gobe ba. Ka je Barau Dikko ko wani asibitin da ake ɗaukar hoto, ka ce musu hatsarin mota ne, ka faɗi ranar, a rubuta a katinka. Mutuwar yatsu bayan bugun baya tana iya nufin jijiya ce ta matsu a wuya. Kada ka kuskura ka kai wuyan nan wurin mai ɗori ya murɗa. Ban da haɗarin, mai ɗori ba ya ba da rahoton da alƙali zai karanta.

Batun laifi mai sauƙi ne. Na baya ne ke da nauyin barin tazara, kai kuwa a tsaye kake. Sai dai idan sun nuna fitilar birkinka ba ta aiki ko kai ka yi baya, nan za a iya rage maka diyya. Kuma tunda direban yana bakin aiki, kamfanin ma yana ciki.

Yanzu maganar yayanka, wadda nake ji kusan kullum har ta ishe ni. Gyaran mota daban, raunin jiki daban. Ƙarfe aka biya, ba a biya wuya ba. Amma mutanenmu da an yi karo sai a zagaye mota ana shafa fenti, ana kiran mai gyaran bodi ya yi kuɗi, babu mai tambayar wanda kansa ya fizgu gaba da baya. Sai wani dattijo ya ce "tunda rai ya tsira, a yafe", kowa ya watse. Ciwon irin wannan bugu kuwa sau da yawa ba ya nuna kansa a bakin titi, sai jiki ya huce, kwana ɗaya ko biyu. Su masu motocin kamfani sun san haka sarai, shi ya sa biro ke fitowa da wuri. Yafiya abu ne mai kyau, amma mutum ya san abin da yake yafewa tukuna. Neman diyyar rauni kuma ba rashin tawakkali ba ne, addini ma ya san diyya. Waɗanda suka ce ka yafe, wa zai biya kuɗin hoto a cikinsu? Wa zai ƙarasa ɗinkin da ka karɓa?

Saboda haka komai ya rataya ne a kan abin da takardar ta ce. Idan gyaran mota kawai ta ambata, ƙofarka a buɗe take. Idan an rubuta ka janye duk wani haƙƙi, aiki ya ƙaru, amma lauya zai duba ko an karanta maka, ko ka san da raunin a lokacin. Ka nemi kwafinta.

Sannan inshora. Wadda doka ta wajabta wa kowace mota ba takardar nuna wa 'yan sanda ba ce kawai, don irinka aka yi ta. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, inshorar tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, rauni da rai kuwa lissafinsu daban. Matsalar ita ce ta bogi da 'yan ka-yi-na-yi ke sayarwa. Ka sa a duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na intanet, NIID, a ga ko tasu ta gaske ce. Ko ta bogi ce, kamfanin mai motar zai biya daga aljihunsa.

Ka tara rahoton 'yan sanda, hotunan motar kafin gyara, lambar wanda ya gani, da kowane rasidi, har na magani. Kuɗin da ka kashe sai da shaida kotu ke bayarwa. Littafin da kake rubuta ɗinkin mutane ma ka adana shi, shi zai nuna abin da ka rasa. Kada ka zauna, shigar da ƙara yana da wa'adi. Kuma duk takardar da za su sake kawo maka, kada ka sa hannu sai lauyanka ya karanta.