Shin Duk Mulkin Kama-karya Fasisanci Ne?

Tambaya: Malam, ina jin ana kiran duk shugaban da ya danne jama'a ɗan fasist. Mece ce wannan aƙida, kuma ɗaya take da mulkin soja da muka sani?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ko da yake sun yi tarayya wajen danniya. Sojan da ya yi juyin mulki, galibi abin da yake nema daga talakawa shi ne su kama bakinsu su zauna a gida. Fasisanci kuwa shiru bai ishe shi ba. So yake kowa ya fito, ya sa rigar jam'iyya, ya miƙa wuya ga shugaba guda da ake cewa ba ya kuskure, bisa imanin cewa maƙiyan cikin gida ne suka durƙusar da ƙasa, kuma ƙarfin tuwo kaɗai zai dawo mata da martabarta.

A Italiya aka haifi fasisanci. Benito Mussolini ya kafa ƙungiyarsa a birnin Milan a watan Maris na 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci sojojin ƙasar kimanin 600,000, ga tsadar rayuwa, ga yajin aiki ko'ina. Masu manyan gonaki da ke tsoron 'yan gurguzu suka ɗaure masa gindi. Yaransa masu baƙaƙen riguna sukan dira ƙauye cikin motoci, su ƙone ofishin ƙungiyar ƙwadago, su kama shugabanta su ɗura masa man zurma har zawo ya kwance masa a bainar jama'a, domin wulaƙanta abokin hamayya wani ɓangare ne na siyasarsu. A watan Oktoba na 1922 Sarki Victor Emmanuel na Uku ya naɗa Mussolini Firaminista ba tare da ya ci zaɓe ba, kuma a ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar nazari, domin manyan ƙasa ne suka buɗe masa ƙofa, suna zaton za su iya juya shi. An kashe ɗan majalisa Giacomo Matteotti, mai sukar Mussolini, a 1924, sannan a 1926 aka haramta sauran jam'iyyu.

Afirka ta ɗanɗana kuɗarta a hannun wannan aƙida, tunda tana ɗaukar yaƙi da mamaya a matsayin abin alfahari. A Libiya, wadda Italiya ta mamaye, an tsare dubban mutane a sansanoni, aka rataye Umar Mukhtar, jagoran masu yaƙi da mamayar, a 1931, sannan a 1935 sojojin Italiya suka afka wa Habasha, har suka yi amfani da iskar gas mai guba a kan sojoji da fararen hula.