Sharar nukiliya a ƙarƙashin ƙasa: wa ke duba lafiyar namun daji?

Tambaya: Malam, na ji Finland za ta binne sharar nukiliya har tsawon shekara 100,000. Mutane dai ana lissafi da su. To kifaye da tsuntsaye da sauran namun daji fa, ta yaya ake sanin ba za su cutu ba?

Amsa: Ana lissafi da su, sai dai an makara kafin a fara. Da can ana ɗauka cewa in an kare ɗan Adam, an kare sauran halittu ke nan.

Ramin Onkalo, inda za a binne sharar, yana tsibirin Olkiluoto a Finland, zurfinsa ya haura mita 400 a cikin dutse. Za a rufe sharar a tukwanen jan ƙarfe, a danƙare su da wani yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa. Daga wannan zurfi radiyeshin ba ya ratsowa sama. Abin tsoron shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. In tukunya ta huje, sinadarai irin su aidin-129, wanda sai bayan shekara miliyan 15.7 yake raguwa da rabi, suna narkewa su bi tsagar dutse har fadama ko tafki.

A 2008 hukumar ICRP, mai ba duniya shawara kan kariya daga radiyeshin, ta ware halittu 12 a matsayin ma'auni, ciki har da ɓera, agwagwa, kwaɗo, ƙudan zuma da tana. A duba tana: tana kwance cikin laka kuma tana cin ƙasar, don haka radiyeshin na samunta ciki da waje. Kwaɗo ya ci ta, tsuntsu ya ci kwaɗo. Ana lissafa radiyeshin da ke samun kowa, a gwada da ma'aunin ERICA, tsarin Turai na auna haɗarin radiyeshin ga halittu, wato mikirogirai 10 a awa (mikirogirai ma'auni ne na radiyeshin da jiki ya sha). Abin da ya haura sai an zurfafa bincike. Manufar ita ce jinsin ya ci gaba da hayayyafa.

Inda na fi damuwa shi ne halittu ba ƙarfinsu ɗaya ba. A 1986, da tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi hatsari, itatuwan fayin da ke kusa da ita sun mutu, masu faffaɗan ganye suka fi jurewa. Ga shi kuma ƙasar Olkiluoto tana ɗagowa kusan milimita 6 a shekara, tun bayan narkewar ƙanƙarar da ta danne ta. Gaɓar tekun yau za ta koma tafki, sannan fadama, sannan daji, don haka dole a yi wa kowane zamani lissafinsa da dabbobinsa.